Keturah Duba-Gari da Tagar Ɗakin Takaba

Kafin ta sa yunifom, kafin ma ta ɗora ruwan shayi, abin da Malama Keturah Apollos ke fara yi kullum safiya shi ne ta bi tagogin gidanta ta wangale su, ta naɗe labulaye, ta jawo katifu ta jingine su a katanga inda rana za ta same su. Maƙwabtanta a Demsawo sun saba. Da sun ji ƙarar tagoginta sun san lokacin tashin yara ya yi. Mijinta, Baba Apollos, ya yi mita har bakinsa ya gaji. Yakan ce shi kaɗai ne magidanci a duk Jimeta da ake janye wa katifa yana kai. Ita kuwa ko a jikinta. Sai ta ɗaura ɗankwali, ta rataya jaka, ta fita bakin titi ta tsayar da keke.

Duba-gari ce. In aka ce duba-gari, mutane kan tuna mai leƙa masai da kwata da randar ruwa, kuma duk tana leƙawa. Amma ita abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ɗakin kwana. In ta shiga gida da rana tsaka, takan ce a nuna mata inda yara ke kwanciya, ta shiga, ta turo ƙofa, ta ɗaga tafin hannunta. In ba ta ga zanen tafinta ba, to maigidan ya shiga uku, don ba za ta bar shi ya sha ruwa ba sai an samu inda haske zai shigo. Takan tsaya ta shaƙi ɗakin kamar mai sayen daddawa. Ta ce ɗakin da iska ba ta ratsa shi yana da warinsa daban, kuma wanda ke kwana a ciki shi ne na ƙarshen jin sa.

Ba ta da dogon turanci. Abin da take faɗa wa mata a tsakar gida bai wuce wannan ba: rana tana busar da danshi, tana kashe ƙwayoyin cutar da ke maƙale a katifa da bargo, tana korar kuɗin cizo, kuma ƙashin yaro yana son hantsi. In mai tari ya yi tari a ɗaki rufe, abin da ya fitar yana nan yana yawo har wani ya shaƙa. In akwai taga da ƙofa suna kallon juna, iska za ta kwashe shi ta yi waje. Shekara talatin da ɗoriya tana maimaita wannan magana har yaran unguwa suka raɗa mata suna. Da sun hango ta sai su ruga gida suna cewa ga Buɗe-Taga nan tafe.

Watan jiya ta ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira mai hoto ba. Abokan aikinta ne suka sha lemo a ofis, aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ni kam abin ya ba ni haushi, kuma ba zan ɓoye ba. A garin nan mun ga an karrama mutanen da ko tsintsiya ba su taɓa ɗagawa don jama'a ba. Shi ya sa na ce tunda masu rumfa sun yi shiru, bari ni da na ga wani abu da idona in faɗa.

Kada wani ya ɗauka mace ce mai daɗin sha'ani. Wallahi Keturah akwai taurin kai, kuma ba ta san nawa ba. Ku tambayi Manasseh, dattijo a cocinsu, mai gidan haya a Demsawo. Da ya ga bakin titi ya fara ciniki, sai ya manna shago a jikin gidan, ya toshe tagar ɗakin wasu 'yan haya masu ƙananan yara. Ta je ta same shi a gida, ya ce zai duba. Ta koma, ya sa aka ce ba ya nan. Ranar Lahadi bayan sujada ta tare shi a ƙofar coci, jama'a na fitowa. Ya rage murya ya ce ashe ita ba 'yar'uwa ba ce cikin Ubangiji? Ta ce 'yar'uwa ce mana, su ma yaran da ya rufe a duhu 'yan'uwa ne. Kafin wata Lahadin an fasa sabuwar taga ta gefen gidan. Manasseh ya daina gaishe ta, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba.

Haka ta yi ta fama da ɗakunan masu jego, inda ake toshe ko'ina da tsumma a hura gawayi wai kada sanyi ya kama uwa. Ta sha zagi daga tsofaffi a wannan fanni. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a lungunmu, a Yola Gari, lokacin da aka mayar da ita aiki can.

Akwai wani tela, Suhaib, mutum mai fara'a, shagonsa na kusa da kasuwa. Ya daɗe yana tari. Aka ce sanyi ne, aka ce ƙurar yadi ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai da ya kasa taka keken ɗinki aka kai shi asibiti, aka ce tarin tibi ne kuma ya ci jiki. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, ana gab da faɗuwar damina. Ya bar matarsa Dija da 'yarsu Asta, wadda ko yaye ta ba a yi ba.

Babban gidan shi ne yayan marigayin, Bappa Bobboyi. Ina so a fahimce ni, Bappa ba mugu ba ne. Shi ya riƙe Suhaib tun yana yaro, shi ya saya masa keken ɗinki, shi ya yi masa aure. Ranar jana'iza sai da aka riƙe shi. A ganinsa abu ɗaya ya rage da zai yi wa ƙaninsa, wato ya tabbata matarsa ta yi masa takaba wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Kuma a gidansu, tun kakanni, mai takaba ba a ganinta, ba a jin muryarta, ko tsakar gida ba ta zama. Ɗakin Dija tsohon ginin ƙasa ne, taga ɗaya gare shi, kuma tana kallon lungun da maza ke bi zuwa masallaci. Bayan sadakar uku Bappa ya sa aka kwaɓa laka aka toshe tagar, aka rataya bargo mai kauri a ƙofa. A ciki aka bar Dija da jaririyarta, a kan katifar da Suhaib ya yi jinya, za su yi wata huɗu da kwana goma.

Asibiti suka aiko cewa a kawo iyalin mamacin a gwada su, kuma Keturah ce ta kawo saƙon. Bappa ya tarbe ta a zaure da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce in Allah ya kai mu ƙarshen takaba shi da kansa zai kai su. Ta ce cutar ba ta san takaba ba. Ya ce ya ji, kuma ya gode, a gaida mutanen ofis.

Da wani ma'aikacin ne, da ya koma ya rubuta cewa ya isar da saƙo. Ita kuwa washegari ta bar yunifom a gida, ta yafa mayafi, ta dama kunun gyaɗa a kwano, ta zo gaisuwar mutuwa. Mace ce ta zo ta'aziyya, babu mai cewa ta koma. Aka ɗaga mata bargon ta shiga.

Ta ce da farko ba ta ga komai ba, sai dai ta ji. Ta ji zafi ya rufe ta, ta ji warin danshi da na gumi, sannan daga kusurwa ta ji tari, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Da idonta ya saba sai ta ga Dija zaune a gefen katifa, wuyanta ya zama kamar na kaza, jaririya na maƙale a jikinta. Ruwan sama ya fara tsatsafowa ta gindin bango har wurin ya yi baƙi. Keturah ta taɓa goshin Dija, ta taɓa katifar ta ji ta jiƙe. Ta tambaye ta tun yaushe take tari, ta ce tun kafin rasuwar. Ta ce mata lallai a kai ta asibiti, kuma a buɗe tagar nan yau. Dija ta girgiza kai.

"Adda, ki bar ni in gama masa," in ji ta. "Shi ke nan abin da ya rage tsakanina da shi."

Keturah ta fito. Ta daɗe a aikin nan, ta san yadda mai wannan tari ke kama in ya kusa. Ta san in aka bar su yadda suke, ba Dija ce za ta fito daga ɗakin nan da ƙafarta ba, kuma jaririyar da ke shaƙar numfashinta dare da rana za ta bi ta.

Ta koma ofis ta kawo gargaɗin hukuma a rubuce. Nan fa Bappa ya hau. Ya je wurin Jauro, mai unguwa, ya ce wata wadda ba musulma ba ta shigo masa gida da sunan gaisuwa tana neman karya wa matar ƙaninsa takaba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san irin wannan magana ba ta da wuyar kama wuta. Kafin la'asar ta zaga majalisu, kowa da yadda ya ƙara mata gishiri. Oganta ya kira ta ya ce ta cire hannunta daga gidan nan, ba ya son fitina. Baba Apollos ma ya zaunar da ita ya ce Ketu, yaranmu fa a garin nan suke. Ta ce ta ji. Duk wanda ya san ta ya san in ta ce ta ji, to ba ta ji ba.

Abin da ta yi ya ba ni mamaki har yau. Ba ta je ta yi jayayya da kowa a kan addinin da ba nata ba. Sai ta nufi gidan limamin masallacinmu, Modibbo Ɗanburam, ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin zaure, ta ce ta zo a matsayin ɗaliba. Ta ce ita Kirista ce, ba ta san hukuncin takaba ba, kuma ba ta son ta taka abin da Allah ya hana mutane. A faɗa mata me aka haramta wa mai takaba. Modibbo tsoho ne mai sanyin magana. Ya ce kwalliya, da turare, da maganar aure, da kwana a wani gida ba tare da lalura ba. Ta ce rana fa? Ya ce ba a hana ta rana ba. Ta ce tsakar gida? Ya ce gidanta ne. Ta ce asibiti? Ya ce lalura ce, ta je ta dawo. Sai ta yi tambaya ta ƙarshe, ko akwai wanda zai iya fitar da mai takaba daga ɗakin mijinta in ta ɓata masa rai. Modibbo ya dube ta da kyau, ya ce babu, sai ta gama takabarta.

Modibbo ya kira Bappa ya yi masa nasiha. Bappa ya sunkuyar da kai ya ce to, Allah ya ƙara wa Modibbo lafiya. Ya koma gida bai taɓa komai ba. Da aka matsa sai ya ce shi bai ce farilla ce ba, amma haka ubansa ya yi wa gwaggonsa, haka kakansa ya yi, kuma ba a kansa za a fara barin matar gidan nan maza na jin tarinta daga lungu ba.

Keturah ba ta zauna jiran ya sauko ba. Ta karɓo 'yar kwalba daga asibiti, ta shiga gaisuwa karo na biyu, ta ɗebo majinar Dija ta kai. Sakamako ya fito, tibi ne. Ta karɓo maganin uwa da na kariya na jaririya, ta riƙa sako su a jaka ƙarƙashin kwanon kunu, kullum sai ta tsaya ta ga an haɗiye. Matan gidan sun sani, suka yi kamar ba su gani ba. Amma magani na shiga, ɗakin na cin Dija. Zafi ya hana ta cin abinci, in ta sha ƙwayoyin sau da yawa sai ta amayar. Damina ta kankama, bango ya yi ta gumi, tufafi suka fara fumfuna. Keturah ta faɗa wa matan gidan cewa magani yana yin nasa, amma ba a warkewa a cikin rami. Sai ga Asta ta fara ƙin nono.

Ran nan Bappa ya tare Keturah a zaure ya ce gaisuwa ta isa haka, yau ce rana ta ƙarshe da za ta taka masa gida. Ta ce to, a bar ta ta yi sallama. Ba ita kaɗai ta zo ba. Tana tare da Gogo, uwargidan Modibbo, tsohuwar da babu mai iya tare ta a ƙofar kowane gida a unguwar. Abin da ya faru a cikin ɗakin daga bakin Gogo na ji shi.

Ta ce sun sami Dija kwance, ba ta iya ko zama sosai. Keturah ta gaya mata gaskiya ba tare da sakaya ba: daga yau an hana ta zuwa, kuma in tagar nan ta ci gaba da zama a toshe, tana tsoron uwar da 'yar duka. Dija ta tambayi abin da ke cin ta tun farko, wai in rana ta taɓa ta ba za a rage wa Suhaib wani abu a can ba? Keturah ta ce wannan ba ita za ta amsa ba, shi ya sa ta zo da mai amsawa. Gogo ta zauna a bakin katifa ta faɗa mata da Fulatanci abin da Modibbo ya ce, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara da cewa ita ma ta yi wa mijinta na fari takaba a tsakar gida tana tankaɗe. Sannan Keturah ta ce:

"Ni doka ta ba ni in rubuta takarda, ba ta ba ni in fasa bangon mutum ba. In na taɓa, aikina ne zai tafi. Amma ɗakin nan naki ne har ki gama, kuma ba wanda ya isa ya fitar da ke."

 Jaririyar ta farka ta yi ɗan tari, ƙarami, irin wanda a wani gidan ba wanda zai kula. Dija ta dafa bango ta miƙe, ta ce a miƙo mata taɓarya.

Gogo ta leƙa ta karɓo. Dija ta ɗaga taɓaryar da ƙyar ta kai wa lakar duka, ko ɓarɓashi bai zubo ba. Ta sake, taɓaryar ta kusa kayar da ita. Keturah na tsaye ta harɗe hannuwa a baya, tana cije leɓe, don ta san abin da ke jiranta in ta sa hannu. A karo na uku gwiwoyin Dija suka saki, ta durƙushe tana haki, amma ba ta saki taɓaryar ba. Gogo ta ce sai kawai ta ga Keturah ta ajiye jaka. Ta ɗago Dija, ta tsaya a bayanta, ta ɗora hannuwanta a kan nata, suka ɗaga tare.

Wannan ɓangaren kuma ba wanda ya ba ni labari. Mun idar da azahar muna fitowa, muna tafe a lungu, Bappa Bobboyi na gabana kaɗan, Modibbo na bayanmu yana jan carbi. Sai muka ji dum, dum, daga cikin bango. Kafin mu ankara curin laka ya faɗo a gaban Bappa ya tarwatse, kan taɓarya ya leƙo. Wani zafi da wari suka bugo ta ramin har sai da na kusa da wurin ya ja baya ya toshe hanci. Ni dai kunya ce ta kama ni. Kullum sau biyar muke bin jikin bangon nan, kuma muna jin tarin.

Bappa ya yi tsalle ya dire. Ya ce an ci mutuncinsa, an ci mutuncin mamaci, yau ɗin nan Dija za ta tattara ta koma gidan ubanta. Modibbo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bobboyi, ba ka da wannan ikon sai ta gama. Kai ma ka sani."  Sai ga Keturah ta fito daga zaure, laka har a gira, ta dubi Bappa ido cikin ido ta ce kada a nemi kowa, da hannunta a ciki. Ta ce a samo asabari a rataya ta waje, iska za ta wuce, ido ba zai wuce ba. Wani daga cikinmu ya ruga gidansa ya ciro nasa. Kafin la'asar matan gidan sun fito da katifar, sun shanya duk wani tsumma da ke ɗakin, sun shimfiɗa wa Dija tabarma a tsakar gida inda rana ke sauka da hantsi.

Ba ta jira Bappa ya kai ƙara ba. Daga lungunmu ofis ta wuce ta faɗa wa oganta abin da ta yi. Ya riƙe kai. Ya ce ta san ta wuce iyakar aikinta? Ta ce ta sani. Ya ce ta yi nadama a rubuce ko a samu a rufe maganar. Ta ce za ta rubuta cewa ta fasa, don ta fasa, amma nadama ba za ta rubuta abin da ba ta ji ba. Aka ɗauke ta daga duba gidaje aka tura ta mayanka a Jimeta, wurin jini da tumbi da ƙudaje, aka kuma haramta mata taka gidan Bappa. Ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce ta, kuma bai sake dawowa ba. A matakin da take ran da ta riƙe taɓarya, a nan ta yi ritaya.

Abin da ya fi damunta ba mayankar ba ce. Rashin sanin halin da Dija ke ciki ne. Gogo ce ta karɓi aikin ba da magani, kuma tsohuwa ba ta riƙe waya. Sai dai jefi-jefi labari ya iso ta bakin mahauta: an ce ta fara cin tuwo, an ce tarin ya ragu, wani kuma ya ce ya ji an ce jikin ya tashi. Baba Apollos ya ce watannin nan ko abincin kirki ba ta ci ba.

A al'adarmu, ran da mace ta fita takaba takan yi wanka ta sa sababbin kaya, ta bi dangi tana gaisuwa da godiya, kuma daga babban gidan mijinta ake farawa. Ran da Dija ta fita, Bappa ya shimfiɗa darduma a zaure yana jira. Ta fito da Asta a goye, ta durƙusa ta ce masa tana zuwa, ta wuce bakin titi ta tsayar da keke ta ce Jimeta.

Mahauta sun ba da labarin. Suka ce ana tsakiyar aiki, Keturah na cikin takalmin roba tana faɗa da wani a kan inda ya zubar da tumbi, sai ga wata siririyar mace da sabuwar atamfa tana tsallake kwatar jini tana tambayar ina Buɗe-Taga. Keturah ta juyo ta dube ta, ba ta gane ta ba, don ba ta taɓa ganin fuskarta a haske sosai ba. Sai da ta ga yarinyar da ke bayanta tana cin ƙosai tana wutsil-wutsil da ƙafa.

"Adda, ni ce," in ji Dija. "Ban gama shan magani ba tukuna. Amma na ce kafin in gaida kowa, bari in zo ki gan ni a tsaye."

Suka ce matar da ba a taɓa ganin hawayenta ba, ko ran da aka kore ta daga duba gidaje, ta zauna a kan bokiti a tsakiyar mayanka ta yi kuka kamar yarinya.

Malama Keturah, ke ce kika shiga ɗakin da mu maƙwabta muka yi ta wucewa ta jikinsa. Ke ce kika durƙusa a zauren malamin da ba na addininki ba don kada ki yi wa mutane ɓarna a abin da suke girmamawa, kuma da kika tabbatar, ba ki ja da baya ba. Kin san farashin taɓaryar nan kafin ki riƙe ta. Buɗe-Taga, matar Apollos, mun gode. Useko, in ji Fulani. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa Baba Apollos ya samu ya riƙa gama barcinsa, ko da yake wannan ban sa rai ba.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun zama duba-gari ba. Ku shiga ɗakin da tsohuwarku ke kwance, da na mai jego, da na mai tari, ku duba da rana tsaka. In tsumma ne a taga ku cire, in kabad ne ya tare ku janye, in kuna gini ku bar wa iska hanyar shiga da ta fita. Mai tarin da ya ƙi ƙarewa ku kai shi a gwada, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku matasan da kuka gaji yunifom ɗinta, in aka ce ku rubuta kun isar da saƙo ku koma ofis, ku tuna akwai wadda ta koma da kwanon kunu. Kuma in kuna jin tari ta bayan katangar maƙwabci, kada ku yi irin shirun da muka yi.

Bappa Bobboyi na nan, ya tsufa, kuma bai huce ba. Har gobe in aka ambaci sunanta a majalisa sai ya kawar da kai ya ce ai ita ce matar da ta fasa masa gida. Mu ma haka muke cewa, Bappa. Dija ma haka take faɗa wa Asta, da bakinta, duk ran da take yi mata kitson makaranta.